Jarka Goma Sha Biyu

Kwalba ta goma sha bakwai na cika yau
daga famfon wani gida a Agege.
Na rubuta mata lamba da kwanan wata,
na kwantar da ita cikin ƙanƙara
kamar jaririn da ake gudun ya farka.

Matar gidan ta riƙe ƙugu tana kallona.
"Ruwanmu garau yake, me kike nema a ciki?"
Na ce, "Abin da ba ya so a gan shi."

A wannan layin ubana ya tura kura
shekara ashirin da uku.
Jarka goma sha biyu, taya biyu, ƙirji ɗaya.
Ilu Mai Ruwa. Ba wanda ya tambayi sunan garinsu.
Daga Illela ya zo Ikko,
daga inda guga ke cin igiya kafin ta ji danshi,
ya tarar da gari yana iyo cikin ruwa,
mutanensa na kukan ƙishi.
Har ya rasu abin na ba shi dariya:
teku a gaba, tafki a baya, sama na zuba,
amma moɗa ɗaya sai da kuɗi.

Shi da harshe yake awo.
Ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar:
"Wannan na wanki ne.
Wannan ya kwana da ƙarfe.
Wannan kuwa a kai wa mai jego."

Ni farar riga gare ni a Yaba,
da na'urar da ke ƙirga gishiri,
da ƙananan faranta da nake rufewa cikin ɗumi,
in dawo washegari
in ga abin da ya tsiro da dare,
ɗigo-ɗigo, kamar an watsa gero.

Morenike, da muke raba tebur,
ta shimfiɗa taswira jiya, ta ɗora yatsa:
nan teku ke rarrafe ta ƙarƙashin gidaje,
ba sallama, ba ƙarar taku.
Duk sabon burtsatse da ya zuƙa,
gishiri ya matso taki ɗaya.
Na ce mata mu a wajenmu
ruwa ba ya tsami banza.
Ta rubuta a gefen takarda da nata harshen.

Akwai kwalbar da ban gaya wa kowa ba.
Ta tara.
Daga rijiyar bayan masallaci na ɗebo ta,
wadda Baba ke ware wa gidanmu don daɗinta.
Na auna da ƙafata: taku takwas tsakaninta da salga.
Da safe farantin ya cika maƙil,
na ƙirga, na ɓata lissafi, na sake.
Sallau, ƙanena, shekararsa uku.
Kwana biyu ya yi yana amai da gudawa,
damina ce, muka ce iska ce.

Ban ce harshen Baba ya yi ƙarya ba.
Ya faɗi iyakar abin da harshe ke ji.

Yanzu ina daka ƙwayar zogale a ƙaramin turmi,
ina gwada ta da alam, wa zai riga wa
kwantar da laka a gindin tulu.
Sai tsakuwa, sai yashi, sai gawayi,
sai digon kulorin, ba ƙari ba ragi.
Aikin haƙuri ne, yawancinsa jira.

Ranar Laraba zan koma wa matar nan da takarda.
Ba zan fara da lambobi ba.
Zan tambayi 'ya'yanta nawa,
in ce ta ɗora tukunya.

Ina rufe akwatin ƙanƙara
sai ga yaro ya tunkaro da kura,
gumi na bin wuyansa, jarkoki na kukan cika.
"Hajiya, a kawo?"
Na ce, "A ina kake ɗiba?"
Ya nuna da haɓa, can bayan titin jirgi.

Na ciro kwalba ta goma sha takwas,
na bi sawun tayarsa.